Sunayen Bukukuwa da Gasanni a Harshen Ingilishi

Sunayen bukukuwa da gasanni rukuni ne na kalmomin Ingilishi waɗanda ma'anoninsu ke kusa da juna, amma ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya sai an kauce wa nufi. Rukunin ya kasu gida biyu. Gida na farko shi ne na kalmomin da ke nuna taro ko lokaci na musamman, irin su *event*, *occasion*, *ceremony*, *celebration*, *festival* da *anniversary*. Gida na biyu kuma na kalmomin da ke nuna gwada ƙwazo tsakanin mutane ko ƙungiyoyi, irin su *competition*, *contest*, *tournament*, *championship*, *league*, *match*, *game*, *bout* da *race*. Hausa kan rufe yawancin wannan fili da kalmomi huɗu: biki, taro, gasa da wasa, sannan ta bar sauran bayani ga abin da ya biyo bayan kalmar, kamar bikin suna, taron gangami, gasar kokowa ko wasan ƙarshe. Ingilishi kuwa yakan cusa bayanin a cikin ita kanta kalmar. Wannan bambancin gini shi ne tushen wahalar da mai jin Hausa ke sha wajen tantance su.

Muhimmancin batun a Damargu

Damargu yanki ne a arewacin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, inda ƙasar noman gero ta haɗu da ƙasar kiwo. A tsarin mulki na yau ya ƙunshi gundumar Tanut da gundumar Belbeji, wadda ta samu matsayin gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, kuma garin Belbeji ne mazaunin ƙaramar hukumar Tarka. Hausawa da Buzaye da Barebari da Fulani ke zaune a yankin, Hausa ce kuma harshen da ya haɗa su a kasuwa da mashaya.

Ɗalibin wannan yanki ba ya shiga Ingilishi kai tsaye daga Hausa. Yana fara karatun boko da Faransanci a firamare, sai ya shiga kwaleji sannan ya haɗu da Ingilishi, wanda yake cikin darussan jarrabawar BEPC. Don haka duk kalmar Ingilishi da ta zo masa sai ta ratsa matata biyu: abin da ya sani a Hausa, da abin da aka koya masa a Faransanci. Kalmomin bukukuwa da gasanni suna cikin waɗanda wannan hanya ta fi rikitawa, domin da yawansu suna da takwarori a Faransanci masu kama da su a rubuce amma masu saɓa musu a ma'ana. Batun ya ƙara nauyi tun daga shekarar 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Asalin kalmomin

Yawan waɗannan kalmomi ya samo asali ne daga tarihin harshen. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnuka, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da na ilimi. Ingilishi ya ari ɗimbin kalmomi daga su biyun ba tare da ya zubar da nasa na gado ba. Da kalmomi suka yi yawa a fili ɗaya, sai kowacce ta ja gefe ta kama nata yanki.

Kalmomin gado gajeru ne. *Game* ta fito daga tsohuwar kalmar da ke nufin nishaɗi. *Match* asalinta abokin zama ko tsara, wato wanda ya yi daidai da wani, kuma daga nan ma'anar haɗa tsara biyu su gwada ƙarfi ta fito. *Race* ita ma gajera ce, sai dai an aro ta ne daga harshen mutanen arewacin Turai na dā, inda take nufin gudu. Kalmomin aro daga Latin da Faransanci kuwa sun fi tsayi. *Event* daga Latin take, ma'anarta abin da ya fito ko ya auku. *Occasion* na da alaƙa da faɗowa, wato lokacin da ya faɗo wa mutum. *Anniversary* haɗin kalmomi biyu ce, shekara da juyowa. *Competition* na nufin neman abu ɗaya tare da wani. *Contest* ta fito daga harshen shari'a, inda take nufin kiran shaidu. *Tournament* sunan wasan mahaya ne na Turai a zamanin dā, wanda barade kan yi da masu da takubba don gwada jarumta. *Champion* kuma, wadda ta haifi *championship*, tushenta kalmar Latin ce mai nufin fili ko fage. Sanin waɗannan tushe ba ya wadatarwa, domin ma'ana takan yi ƙaura, amma yana nuna alƙiblar da kowace kalma ta fuskanta.

Gida na farko: taruka da lokuta

*Event* ita ce mafi faɗi. Tana ɗaukar duk abin da ya auku mai muhimmanci, ko an shirya shi ko ba a shirya ba: fari, juyin mulki, baje koli, taron siyasa. A nan tana daidai da aukuwa ko lamari. Tana kuma nufin taron da aka tsara aka gayyaci jama'a. Ma'anarta ta uku ta shafi wasanni: kowane fanni guda a cikin babbar gasa. A wasannin Olimfik, gudun mita 100 fanni ne, tsalle mai nisa wani fanni ne, kuma kowannensu *event* ne. Kalmar ba ta ɗauke da farin ciki ko baƙin ciki, ba ta kuma nuna ko akwai mai nasara.

*Occasion* ta fi karkata ga lokacin da ga dalilinsa. Idan aka ce taro *occasion* ne, ana nufin rana ce mai daraja ga waɗanda abin ya shafa, kamar ranar ɗaurin aure ko ranar naɗin sarauta. Kalmar Larabci da Hausa ta ara, munasaba, ta fi kowace kusa da ita. Salon Hausar Nijar na cewa "albarkacin ranar kaza" shi ne daidai da *on the occasion of*. Kalmar tana kuma nufin karo, kamar yadda *on two occasions* ke nufin sau biyu. Bambancinta da *event* shi ne, *event* na duban abin da ya faru, *occasion* na duban matsayin lokacin a wurin mutane. Ambaliya *event* ce, amma ba wanda zai kira ta *occasion*.

*Ceremony* tana nufin sashen taro mai tsari da ƙa'ida, wanda ake bin matakansa ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi akwai mai jagoranta. Ɗaurin aure, inda waliyyai ke bayarwa da karɓa a gaban shaidu a faɗi sadaki, shi ne *ceremony*. Raɗin suna da safiyar rana ta bakwai, da naɗin rawani, da rantsar da shugaba, duk haka suke. Ba dole ba ne a yi murna, domin jana'iza ma tana shiga ciki. *Celebration* kuwa ita ce murnar kanta, shagalin da ke biyo baya: kiɗa, walima, ɗinkin sababbin kaya. *Party* ƙaramin shagali ne na waɗanda aka gayyata, ba shi da ƙa'idar da ake bi. Kalmar biki a Hausa tana haɗa duka ukun, shi ya sa mai fassara yake bukatar ya tambayi kansa wane sashe na bikin ake magana a kai.

*Festival* babban biki ne na al'umma, mai dawowa a kan lokaci sananne, wanda yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye, ya kuma ƙunshi abubuwa da yawa. Ƙaramar Salla da Babbar Salla suna cikinsa, haka Bianu na Agadas, da Wasan Kara na Damagaram, da taron makiyaya na Ingal da ake kira Cure Salée, wanda ake yi wajen ƙarshen damina. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934, misali ne mai kyau na yadda gidajen biyu ke shiga juna: shi kansa *festival* ne, amma rububin kamun kifin da ake yi a cikinsa don a ga wanda ya kama mafi girma *competition* ne. Haka tseren raƙuma a Ingal, gasa ce a cikin biki. Akwai 'yar'uwar wannan kalma, *feast*, wadda a yau ta fi nufin babbar liyafa ta ci da sha, ko da yake ana amfani da ita ga ranakun idi na addini.

*Anniversary* ita ce zagayowar ranar da wani abu ya faru. Ranar 3 ga Agusta zagayowar samun 'yancin kan Nijar ce a 1960, ranar 18 ga Disamba kuma zagayowar kafa Jamhuriya a 1958. Lokacin da birnin Damagaram ya karɓi baƙuncin bikin 18 ga Disamba a shekarar 2018, a ƙarƙashin shirin Zinder Saboua, ranar ita ce *anniversary* ta 60, faretin da jawaban su ne *ceremony*, wasanni da raye-rayen da aka yi su ne *celebrations*, dukan abin kuma *event* ne. Rana ɗaya ta ɗauki kalmomi huɗu, kowacce na kallonta ta nata ɓangare.

Gida na biyu: gasanni

*Competition* ita ce uwar wannan gida, kuma ita ta fi dacewa da kalmar gasa. Duk abin da aka shirya don a fitar da wanda ya fi, da ƙarfi ne ko da ilimi ko da fasaha, yana shiga ƙarƙashinta. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasar Najeriya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, da wannan kalma ake kiranta a Ingilishi. Kalmar tana da fuska ta biyu wadda ba a ƙirgawa: gogayya. Idan 'yan kasuwar hatsi suna rige-rigen masu saye a kasuwar Tanut, akwai *competition* tsakaninsu, ba tare da an shirya wata gasa ba. Ƙaramin harafin da ake sawa a gabanta shi ke raba ma'anonin biyu: *a competition* gasa ce guda, *competition* zalla kuwa gogayya ce.

*Contest* na kusa da ita ƙwarai, har a wurare da dama ana musanya su. Sai dai *contest* ta fi zuwa a inda alƙalai ko masu jefa ƙuri'a ke yanke hukunci, kamar gasar waƙa, gasar kyau, ko gasar rubutu irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai. Ita ce kuma kalmar da ake amfani da ita ga takarar zaɓe. Ana iya cewa *competition* na duban tsarin gasar, *contest* na duban fafatawar da ke cikinta. Akwai kuma bambancin furuci: idan suna ce, ana danna gaɓar farko, idan aikatau ce mai nufin yin takara ko ƙalubalantar hukunci, ana danna gaɓa ta biyu.

*Match* karawa ce guda tsakanin ɓangarori biyu, mutum da mutum ko ƙungiya da ƙungiya. *Game* ta fi faɗi, domin tana nufin nau'in wasa gaba ɗaya, kamar dara ko langa, tana kuma nufin zama ɗaya na wasan. A ƙwallon tanis kalmomin biyu suna da matsayi daban: *game* ƙaramin yanki ne, da yawansu ke haɗuwa su zama *set*, su kuma su haɗu su zama *match*. Idan aka jam'inta kalmar aka fara ta da babban baƙi, *Games*, sai ta koma nufin babban taron wasanni iri-iri na ƙasashe da yawa, kamar wasannin Olimfik da aka farfaɗo da su a Atina a 1896, ko wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓi baƙuncinsu a Disambar 2005. A irin wannan taro ne Issaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a Munik a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya samo ta azurfa a tekwando a Riyo a 2016.

*Bout* karawa ce guda a wasannin da ake gwada ƙarfin jiki, wato dambe da kokowa da makamantansu. Ana raba ta zuwa *rounds*, abin da 'yan damben gargajiya ke kira turmi. *Race* kuwa gasa ce ta sauri kaɗai, wadda wanda ya riga isa shi ne ya ci, da ƙafa ne ko da doki ko da raƙumi ko da mota. Hausa tana da tsere, tana kuma da sukuwa ga dawaki. Ba a kiran tsere *match*, domin galibi masu shiga sun fi biyu kuma ba fuskantar juna suke yi ba. Tseren share fage da ake yi don a rage yawan masu gudu kafin na ƙarshe, shi ake kira *heat*.

*Tournament* jerin karawa ne tsakanin masu gasa da yawa, a cikin ɗan gajeren lokaci, galibi a wuri ɗaya ko ƙasa ɗaya, ana zubar da waɗanda aka kayar har a kai ga mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, wadda aka fara a Yurugwai a 1930, irin wannan ce, haka gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka fara a Khartum a 1957, wadda ƙungiyar Mena ta Nijar ta halarta a 2012 da 2013. *League* ta saɓa mata ta fuskar tsari da tsawon lokaci: kowace ƙungiya tana karawa da kowace, ana tara maki a tsawon kaka guda, ba a fitar da kowa a tsakiya, wanda ya fi maki a ƙarshe shi ne zakara. Ingila ce ta fara wannan tsari a ƙwallon ƙafa a 1888. *Cup* asalinta sunan kyautar ne, wato kofi, sai ya zama sunan gasar da ake yi dominsa, kuma yawanci ta sili-ɗaya-ƙwale ce, kamar kofin FA da aka fara a 1871.

*Championship* ta bambanta da duka waɗannan domin ba tsari take bayyanawa ba, manufa take bayyanawa. Ita ce gasar da ake yi don a fitar da zakaran wani yanki ko wani fanni, ko da wane tsari aka bi. Gasar tanis ta Wimbledon, wadda aka fara a 1877, da wannan suna ake kiranta, alhali tsarinta na zubar da wanda aka doke ne. Rukuni na biyu na ƙwallon ƙafar Ingila shi ma wannan suna yake ɗauke da shi tun 2004, alhali tsarinsa na tara maki ne. Kalmar tana kuma nufin kambun kansa, wato matsayin da zakara ke riƙe da shi har a ƙwace.

Takobin ƙasa a matsayin ma'auni

Gasar kokowar gargajiya ta Nijar ta tara kusan dukan waɗannan kalmomi a fage ɗaya. An fara ta a Tawa a 1975, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, na Maraɗi, ya zama zakara na farko. Jihohi ne ke karɓar baƙuncinta bi da bi. Kowace daga cikin jihohi takwas tana kawo 'yan kokowa goma, jimilla tamanin, kuma wanda ya rage ba a kayar da shi ba shi ake ba takobi. Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Issaka Issaka, ya ɗauki takobin sau da dama.

Idan za a ba da labarin wannan gasa da Ingilishi, ga yadda kalmomin za su rabu. Saboda manufarta fitar da sarkin kokowar ƙasa ce, sunanta *championship*. Saboda tsarinta jerin karawa ne na 'yan kwanaki a gari ɗaya, ana iya kiranta *tournament*. Kowace kokowa tsakanin mutum biyu *bout* ce ko *match*. Karawar da ke raba gardama ita ce *final*. Buɗe fage da jawaban hukuma, da miƙa takobi a rana ta ƙarshe, su ne *opening ceremony* da *closing ceremony*. Kaɗe-kaɗe da kirari da cincirindon jama'a sun sa wasu marubuta kan kwatanta ta da *festival*. Tarbar da ake yi wa zakara idan ya koma gida *celebration* ce. A wurin garin da ya karɓi baƙunci kuwa, babban *event* ne, a wurin iyalin zakara kuma *occasion* ne da ba za su manta ba. Kalmomin da ba su da wurin zama a nan su ne *race*, domin ba gudu ake yi ba, da *league*, domin ba tsawon kaka ake ɗauka ana tara maki ba.

Tarkon Faransanci

Ga ɗalibin Nijar, mafi yawan kurakurai daga Faransanci suke shigowa. Kalmar *occasion* a Faransanci tana nufin dama ko zarafi, tana kuma nufin kayan hannu, kamar motar da aka riga aka hau. A Ingilishi na yau dama ita ce *opportunity* ko *chance*, kayan hannu kuma *second-hand* ko *used*. Kalmar *anniversaire* tana ɗaukar zagayowar ranar haihuwa da sauran ranaku duka, amma Ingilishi ya ware wa ranar haihuwa kalma ta daban, *birthday*.

Kalmar *course* a Faransanci tsere ce, a Ingilishi kuwa ta fi nufin kwas na karatu ko filin da ake tseren a kansa. Kalmar *race* kuma a Faransanci jinsi ce ko irin dabba, ba ta da alaƙa da gudu, a Ingilishi kuwa tana da ma'anonin tsere da jinsin mutane, irin dabba kuma *breed* ne. *Concours*, wadda kowane ɗan Nijar mai neman aikin gwamnati ya sani, ba ta da takwara ɗaya: idan jarrabawar shiga aiki ko makaranta ce, *competitive examination* ko *entrance examination* ake cewa, idan gasar waƙa ko zane ce, *contest* ko *competition*. Kalmar Ingilishi mai kama da ita a rubuce, *concourse*, babban zaure ne a tashar jirgi. *Championnat*, idan ana maganar gasar ƙwallon ƙafa ta kaka guda, *league* ce a Ingilishi. *Manifestation* a Faransanci taro ne ko zanga-zanga, wato *event* ko *demonstration*, a Ingilishi kuwa bayyanar alama take nufi. *Épreuve* kan zama *event* a fagen wasanni, ta zama *paper* ko *test* a ɗakin jarrabawa.

Aikatau da ƙananan kalmomin da ke rakiyarsu

Sanin suna bai isa ba sai an san abokan tafiyarsa. Babban misali shi ne aikatau "ci". Bahaushe kan ce an ci gasa, ya kuma ce ƙungiya kaza ta ci ƙungiya kaza. Ingilishi ya raba biyun: *win* ga gasa ko kyauta, *beat* ko *defeat* ga abokin karawa. Ɗan kokowa yakan yi *win* ɗin takobi, amma *beat* yake yi wa wanda ya kayar. Ana cewa *hold* ga shirya taro ko gasa, *take place* ga aukuwarsa, *host* ga karɓar baƙuncinsa. Mai kallo *attend* yake yi, mai shiga a fafata da shi kuwa *enter* ko *take part in*. A nan ma Faransanci kan ɗana tarko, domin *assister à* halarta ce, amma *assist* a Ingilishi taimakawa ce.

Ƙananan kalmomin da ke gaban sunayen su ma ba sa musanyuwa. *Occasion* na tafiya da *on*, *event* da *ceremony* da *party* na tafiya da *at*, *competition* da *race* da *tournament* na tafiya da *in* ga wanda ya shiga. Akwai kuma sassan jimla da suka daskare suka bar ma'anarsu ta asali: *on occasion* na nufin jefi-jefi, *in the event of* na nufin idan abu kaza ya faru, *in any event* na nufin ko ta halin ƙaƙa.

Bambancin ƙasashe

Ingilishi ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. A Ingila karawar ƙwallon ƙafa *match* ce, ko da yake ana cewa *game* a hira, a Amurka kuwa *game* ta fi yawa a wasannin ƙungiya. Taron guje-guje da tsalle-tsalle *meet* ne a Amurka, *meeting* a Ingila. A Najeriya, wadda Ingilishinta ne ya fi isa kunnen mutanen Damagaram da Maraɗi ta hanyar kasuwanci da rediyo da finafinai, kalmar *occasion* ta faɗaɗa har tana nufin kowane irin biki da ake gayyatar mutane. Kalmar *durbar*, wadda ake kiran hawan Salla da ita, asalinta ta Farisa ce mai nufin fadar sarki, Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta daga Indiya. An yi irin wannan hawa a Kaduna a 1956 don tarbar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kuma da wannan suna hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Hawan *festival* ne mai ƙunshe da *ceremony*, wato jahi da gaisuwar sarki, amma ba gasa ba ne, duk da cewa ana sakin dawaki a guje.

Hanyar tantancewa

Tambayoyi huɗu kan isa su raba yawancin waɗannan kalmomi. Ta farko, shin akwai wanda zai yi nasara? Idan babu, kalmar tana gida na farko, idan akwai, tana gida na biyu. Ta biyu, ga gida na farko: ana maganar ƙa'idar da ake bi ne, ko murnar, ko ranar, ko taron al'umma baki ɗaya? Amsar ita ke zaɓa tsakanin *ceremony*, *celebration*, *anniversary* ko *occasion*, da *festival*. Ta uku, ga gida na biyu: karawa ɗaya ce ko jerin karawa? Idan ɗaya ce, sai a duba irin wasan a zaɓi *match*, *game*, *bout* ko *race*. Ta huɗu, idan jeri ne: ana zubar da wanda aka kayar, ko ana tara maki, ko kuwa kambun da ake nema ake son a nuna? Wannan ke raba *tournament* da *league* da *championship*. Inda aka rasa tabbas, manyan kalmomin biyu, *event* da *competition*, ba kasafai suke zama kuskure ba, sai dai su gaza bayar da cikakken bayani, kamar yadda mai cewa "ana taro a Belbeji" bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi ko suna ake yi ko kokowa ba.